Zafin cikin silin: in ƙara audugar rufi ko ɓarnar kuɗi ce?

Abu Sadik: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin gini ku taimaka mani da shawara. Gidana na Sabuwar Unguwa kwano ne da silin POP, lokacin da aka yi rufi mai aikin ya shimfiɗa wata auduga ruwan ɗorawa bisa silin ɗin falo da ɗakina kawai, siririya ce ba ta wuce kaurin yatsu uku ba, ɗakin yara da na mamansu babu komi. To tun da Maris ya kama wlh daga azahar falon ma ba ya zaunuwa, fanka iskar zafi kawai take juyawa. Wani ya ce in ƙara wata bisa ta farko, wani ya ce asarar kuɗi ce in tara in sayi AC, ni kuma solata ba ta jan AC. Mi kuka gani?

Ɗan Kofar Kaura: Wa alaikumus salam. Shawara kyauta, fiddo katifa tsakar gida, haka muka taso 😂

Maman Ihsan: Tsakar gidan da aka malale da intalok? Ka taɓa shi ƙarfe goma na dare ka ji, ga sauro ga yara. Ka bari masu abin su yi magana mu ma mu ƙaru don Allah

Injiniya: Abu Sadik kafin a zo ga ƙari bari mu gane inda zafin yake shigowa. Nan Katsina a Afrilu da Mayu ma'auni yana kai 40 har ya wuce, to wannan na inuwa ne, shi kwanon da rana ke duka kai tsaye yana iya kai 60 zuwa 70 musamman in mai duhun kala ne ko ya fara tsatsa. Kwanon nan sai ya riƙa feso zafi ƙasa bisa silin, silin ya ɗauka ya sako maka a ka, shi ya sa ko ka rufe ƙofa da taga kana jin zafin daga sama yake saukowa. Audugar da aka sa maka faiba ce, da zaren gilashi ake yin ta, kuma ba ita kanta ke tare zafi ba, iskar da ta maƙale cikin zaren ce, don iska in ba ta motsi ba ta wuce da zafi da sauri. Yatsu uku kamar santimita 5 kenan. In ka mai da ta 10, zafin da ke ratsa ta zai ragu kusan rabi. In ka ƙara wata 5 ɗin ta zama 15 zai ƙara raguwa amma ba kamar na farko ba, kowane ƙari amfaninsa bai kai na wanda ya gabace shi ba. Don haka in kuɗi kaɗan ne, ɗakunan da babu komi su za ka fara sa wa, can kuɗinka zai fi yin aiki nesa ba kusa ba.

Maman Ihsan: Ka ji ko. Ɗakin maigida da falo an sa, na uwargida da yara ko oho. Maza kenan

Abu Sadik: Haba Hajiya wlh kuɗi ne suka ƙare lokacin 😅 Injiniya na gode. Amma in zafi yana tsayawa bisa auduga ina yake zuwa kenan?

Injiniya: Yawwa tambayar kenan. Babu inda yake zuwa in ba ka buɗe masa hanya ba, nan zai taru tsakanin kwano da silin. Yawancin gidajenmu na yanzu an ja farafet an ɓoye kwano, an toshe ko'ina ruf da siminti saboda ado, babu ko ƴar kafa. Ya kamata a samu wurin da iska za ta shiga ta ƙasa wajen bakin rufi da wurin da mai zafin za ta fita ta sama, tunda iska mai zafi sama take tashi.

Kafinta Na Marusa: Injiniya ranka ya daɗe a nan kam ban bi ka ba. Ku kuna zane a takarda mu muke hawa. Farafet ɗin nan ba ado kaɗai ba ne, ka manta iskar farkon damina? Duk shekara sai ta kwashe kwanon mutane a garin nan, kuma mu abin da muka sani da zarar iska ta samu ƙofa ta shiga ƙarƙashin rufi to ɗaga shi za ta yi gaba ɗaya da katakon. Ni in na yi wa mutum rufi toshe ko'ina nake yi, gara ya sha zafi wata uku da ya wayi gari kwanonsa na gidan maƙwabta

Injiniya: Malam ban ce a bar gefe guda a buɗe ba. Ƙananan kafofi nake nufi, kamar faɗin bulo ɗaya, da luba mai kallon ƙasa don kar feshin ruwa ya shiga, a sa raga a bayanta, kuma a yi su ɓangare biyu masu fuskantar juna don abin da ya shiga ya samu mafita. Rufin da iska ke kwashewa in ka je ka duba yawanci ɗauri ne babu, an ɗora katako bisa bulo an buga ƙusa an tafi, ba langalanga ba rodi da ya riƙe shi cikin kankare.

Kafinta Na Marusa: Wannan gaskiya ne akwai masu ha'inci a ɗauri. Amma raga dole, kuma ta ƙarfe ba ta roba ba, ɓera yana cinye ta roba. In jemage ya samu hanya ya shiga silin wlh warin kashinsa kaɗai sai ya kore ka daga ɗakin, ga tsattsewa ga ƙadangare

Baba Alhaji: Assalamu alaikum ƴaƴana. Ina ta karantawa ina dariya. Ku kuka rushe soro kuka sa kwano don a ce kun waye, yanzu kuma kuna neman audugar da za ku saya ku tare zafin da kuka gayyato da kuɗinku. Gidan da aka haife ni cikin gari soro ne, azarar giginya aka jera aka shimfiɗa asabari aka zuba ƙasa mai kauri aka yi daɓe, bango kuwa in ka tsaya a ƙofa kaurinsa ya kai kamu biyu daga ƙasa. Da azahar ka shiga sai ka ji sanyi har ka yi barci, da hunturu kuma ɗumi. Ku je ku dubi hasumiyar Gobarau, ƙasa ce, shekara ɗaruruwa tana tsaye, ku shiga Gidan Korau ko fadar Daura ku ga bakan gizo da ɗaurin guga. Wane faiba aka sa masu?

Ɗan Kofar Kaura: Baba ya zo da zafinsa 🙌 Allah ya ƙara lafiya Baba

Injiniya: Allah ya ja kwana Baba, maganarka dutse. Ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki rana ta faɗi. Sai dai Baba a gafarce ni, zafin da ta shanye da dare take sako shi, shi ya sa a ƙarshen bazara ku ma waje kuke kwana ko bisa soron. Kuma kowace shekara kafin ruwa sai an yi yaɓe an gyara indararo, in aka yi sakaci shekara biyu azara ta jiƙa sai a ji labari mara daɗi. Ga giginyar ma yanzu ina take, ga maginan da suka iya sun yi ƙaranci.

Baba Alhaji: Yaɓen shekara ai da ƙasar bayan gida ake yi da yaran unguwa, ba da dala ba. Amma ku ci gaba ina ji

Ɗan Daura: Ni fa ina da hanya mai sauƙi, mi zai hana a je wajen masu yankan katako a kwaso garin katako buhu-buhu a zuba cikin silin ɗin? ko buntun shinkafa, injinan casa har roƙo suke a kwashe. Ai shi ma iska ce a ciki kamar yadda Injiniya ya ce, masu ƙanƙara ma da garin katako suke rufe ta

Mai Wayarin: Innalillahi. Ɗan Daura don girman Allah goge wannan kafin wani ya ɗauka. Ni cikin silin nake yini, na san abin da ke ciki. Gida goma in ka hau, da wuya ka samu uku da aka sa waya cikin fayif yadda ya dace, sauran an watsa ta hakanan bisa katako, an yi joyin an naɗe da baƙin salatif an bar shi a fili, zafin kwano ya busar da salatif ɗin ya warware. Akwai wani gida da aka kira ni wai suna jin ƙauri ba su san daga ina ba, na leƙa da tocila na ga wayar hita ce siririya mai kaurin 1.5 aka ja mata maimakon mai 2.5 ko 4, robar ta narke ta manne da katako, katakon ya yi baƙi ƙirin wajen tafin hannu. To ka ce da garin katako ne kewaye da wurin nan fa? Sai dai a tara mutane. Kuma garin katako ba ya kamawa da harshe nan take, cin ciki yake yi a hankali kuna barci.

Kafinta Na Marusa: Ga gara. Kai da kanka ka kai mata abinci har bisa, in ta gama da garin ta koma kan rafta

Ɗan Daura: To na janye 😂 buntun fa?

Injiniya: Buntu ya fi garin katako wuyar kamawa da wuta gaskiya, amma shi ma yana ci a hankali, ga ɓera yana bin ragowar tsaba, ga nauyi in ya sha ruwa. Ban ba da shawara ba. Kuma maganar Mai Wayarin ta shafi faibar ma, ita ba ta ci da wuta amma waya in aka binne ta cikin auduga ba ta samun fitar da zafinta, wayar da da take ɗaukar lodinta lafiya sai ta fara ɗumi. A ɗaga wayoyi su bi ta saman audugar, musamman na hita da AC da kukar girki, kuma fitilun nan da ake nutsawa cikin POP a bar masu fili kewaye kar a danne su.

Mai Wayarin: Sannan farin soson nan irin na kwalin talabijin da wasu ke jerawa, kar ya taɓa waya ko kaɗan, in ya daɗe manne da robar waya yana sa ta bushe ta riƙa tsagewa. Kuma shi in wuta ta kama narkewa yake yana ɗiga yana baƙin hayaƙi

Dakta (Ingila): Slm jama'a, sai yanzu na taso daga aiki na ga saƙo sun taru. Abin dariya mu nan sanyi muke tarewa da abin da ku za ku tare zafi, kuma abu ɗaya ne, kamar kula ce da ke riƙe tuwo da zafinsa ta kuma riƙe ƙanƙara da sanyinta. A nan abin da ake ba da shawara a shimfiɗa a saman silin milimita 270 ne, wato santimita 27, yawanci 100 tsakanin katakai sannan 170 a gicciye a kansu. Gicciyewar nan ita nake so Abu Sadik ya ɗauka, in za ka ƙara ta biyu kar ka bi layin ta farko, ka gitta ta don ta rufe katakon da duk wata tsaga da aka bari. Kuma su ma nan suna gargaɗi kar a toshe bakin rufi inda iska ke shiga, duk da su matsalarsu danshi ne.

Ɗan Kofar Kaura: Dakta 270 a Katsina? ai sai mutum ya sai da filinsa 😂 ka aiko da fam kawai

Injiniya: Ba ma buƙatar kai wa can. In mutum ya samu santimita 10 a ko'ina ba tsaga, ya yi ƙoƙari sosai.

Abu Sadik: Nauyi fa? Ina tsoron POP ɗin ya tsage ko ya rufto muna

Injiniya: Faiba ba ta da nauyi, mai kaurin santimita 10 murabba'in mita ɗaya bai fi kilo ɗaya zuwa biyu ba. Abin da ke rusa POP ruwa ne da ƙafar mutum. In kwano yana yoyo auduga za ta sha ruwa ta yi nauyi ta daina aiki, kuma ba za ka gani da wuri ba sai tabo ya fito. Don haka a toshe yoyo tukuna. Kuma kar a danne ta ko a ɗora mata kaya, in ta kwanta iskar ciki ta fita amfaninta ya ragu.

Kafinta Na Marusa: Mai hawa kuma katako zai taka, ba silin ba, a ɗora falanki a gicciye a riƙa bi. Katakon POP ma wani tu-bai-tu ne siriri ba ya ɗaukar mutum, manyan za a nema. Sannan aikin asuba ne, ana sallame salla a hau kafin ƙarfe tara a sauko, wlh in rana ta ɗaga ciki mutum zai iya suma ba wanda ya sani. Riga mai dogon hannu, safar hannu, takunkumi, tabarau, don abin nan ƙaiƙayi gare shi kamar me, in ya shiga wuyanka kwana za ka yi kana susa

Mai Wayarin: A kashe wuta daga babban suwic, har da inbata, mutane suna mantawa da inbata su ce ai an ɗauke wuta

Ummu Hanif: Don Allah ni tambayata daban, wani ɗan uwana ya sa wata takarda mai ƙyalli ƙarƙashin kwano lokacin rufi ya ce ta fi auduga. Gaskiya ne?

Injiniya: Hajiya aikinsu daban ne. Takardar alminiyam ɗin tana hana kwano feso zafi ƙasa, kuma tana yi ƙwarai, amma da sharaɗi ɓangaren mai ƙyallin ya kasance yana kallon fili, in aka matse shi jikin wani abu ya tashi aiki. Lokacin rufi ya fi sauƙin sawa. Wanda ya riga ya rufe sai dai a buga ta ƙarƙashin rafta daga ciki in akwai tsawon da mutum zai motsa. Abin da ba na so shi ne a shimfiɗa ta kwance bisa silin tana kallon sama, hunturu ɗaya ƙura za ta rufe ƙyallin shikenan ta zama takarda kawai. Kuma tana ɗaukar lantarki, a kula da waya.

Ɗan Daura: Ni abin da na yi kuma na ga amfani, farin fenti na sa aka shafa wa kwanon shagona, wlh ranar da aka gama ma an ji bambanci. Matsalar kawai ƙura, bayan hunturu ya koma ruwan ƙasa sai ruwan farko ya ɗan wanke

Injiniya: Wannan kam na sa hannu, fari yana mayar da hasken rana tun kafin ya zama zafi. Ni abin da ke ba ni mamaki mutum ya sayi kwano baƙi ko ruwan goro mai duhu a garin nan don ya yi kyau a hoto.

Maman Ihsan: Injiniya amma ku faɗa masa gaskiya, dare fa? Mu namu akwai auduga ko'ina kuma da rana Alhamdulillah, amma ɗakin da ke yamma bangon har sha biyun dare in ka jingina kamar an kunna masa wuta

Injiniya: Gaskiya ne Hajiya, auduga rufi kaɗai take tarewa. Bulon siminti yana shan ranar la'asar ya sako da dare, kuma tunda an rufe sama zafin da ke cikin ɗaki ma ba ya fita ta silin da sauri. Dabarar ita ce da rana a rufe tagogi a saki labule, in iskar waje ta huce da dare a buɗe ɓangare biyu ta ratsa. Bangon yamma kuma inuwa yake so, rumfa ko itace.

Baba Alhaji: Bedi. Ku shuka bedi. Kun sare na ƙofar gida kun yi wurin ajiye mota

Ɗan Kofar Kaura: Baba bai yafe ba har yanzu 😂😂

Malam Na Layout: Ni tsohon gida nake, silin ɗin asbesto ne mai murabba'i, wasu sun tsattsage. Zan iya ɗora audugar a kai?

Dakta (Ingila): Malam ka yi hattara da wannan. In lafiyarsa lau ba a taɓa shi ba matsalar kaɗan ce, haɗarin yana cikin ƙurarsa in aka fasa ko aka huda ko aka goge, zaren yana maƙalewa a huhu kuma cutar sai bayan shekaru masu yawa take bayyana, har da kansa. Nan Ingila an hana amfani da shi gaba ɗaya tun 1999. Kar ka sa yara su ɓalle shi da guduma suna sharewa da tsintsiya. In za a cire a jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusa a sauke shi ɗai-ɗai ba tare da karyawa ba, da takunkumi na ƙwarai, iyali kuma su bar gidan ranar.

Malam Na Layout: To Allah ya kyauta, na gode Dakta. Da PVC nake son canzawa

Kafinta Na Marusa: PVC ado ne kawai malam, ba ya tare wani zafin kirki, in kwano ya yi kusa ma lanƙwashewa yake. In za ka sa to ka haɗa da audugar

Abu Sadik: Jama'a barkanmu da safiya. Bayan asuba na sa tsani na leƙa ta ƙofar silin da ke koridor da tocila. Abin da na gani: audugar ta kwanta ta yi baƙi da ƙura, wajen tsakiyar falo an yaye ta gefe guda an tattare, ina jin lokacin da aka ja wayar sola ne ba a mayar ba, POP ɗin a fili yake wajen faɗin tabarma. Kusurwar gabas akwai tabon ruwa a katako kuma ina hango haske ta ramin ƙusa guda biyu. Kafar iska babu ko ɗaya. Joyin kuma na ƙirga huɗu a buɗe daga inda nake tsaye kawai

Mai Wayarin: Ka ji ko. Kar a shimfiɗa komi sai an sa joyin ɗin nan cikin akwati an rufe, in ba ka da mai yi in sha Allah gobe bayan asuba ina nan

Injiniya: Wurin da aka yaye ɗin nan shi ke cinye maka amfanin sauran. Tsohuwar in ba ta jiƙe ba kar ka zubar, a gyara mata zama a ɗora sabuwa a gicciye, wadda ruwa ya taɓa a cire. Ka auna ɗakunan, ɗaki ƙafa 12 da 12 murabba'in mita 13 ne da ɗan kai, ka haɗa jimla ka ƙara kaɗan saboda yanka. In ka je saye ka duba kauri da faɗin da aka rubuta jikin ledar, kar ka yarda da "nadi ɗaya yana yin ɗaki biyu", kuma in suna da mai takarda a jiki ka ce maras takarda kake so don ta biyu ce.

Abu Sadik: Ana samu nan cikin gari ko sai Kano?

Kafinta Na Marusa: Ka fara tambayar masu kayan POP da masu haɗa AC, wani lokaci suna kawowa. In babu sai Kofar Ruwa a Kano, a sa maka a mota. Farashi kam kar in faɗa yau gobe ya canza

Maman Ihsan: Ɗakin yara za a fara dai ko? muna nan muna jiran hoto

Abu Sadik: An gama Hajiya, na mamansu ma kafin nawa 😅 Kafinta kafar iska nawa za mu buɗe?

Kafinta Na Marusa: Biyu, kudu da arewa, gabas kam ban taɓawa don daga can hadari ke tasowa. Kuma sai na ga ɗaurin rufin da idona

Injiniya: Biyu sun yi kaɗan ga gida mai ɗaki uku da falo, huɗu dai

Kafinta Na Marusa: Injiniya ka zo gobe mu hau tare, ka taho da takunkuminka